Fulat ko gida mai tsakar gida: wanne ya fi dacewa da mai ƙananan yara?

Wanda Allah ya hore wa fuloti a bayan garin Kano, ko a Danbare ne, ko Mariri, ko Jaba, yana kuma da yara biyu ko uku da babu wanda ya kai shekara bakwai a cikinsu, zane biyu ne galibi a gabansa. Na farko shi ne wanda mai zanen gini zai miƙo masa tun bai gama bayani ba: fulat mai ɗaki uku, falo, kicin da sito, kowane ɗaki da banɗakinsa, duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, an dasa shi a tsakiyar fili an zagaye da katanga. Na biyu shi ne irin wanda ya tashi a ciki: soro a bakin ƙofa, ɗakuna a jere, baranda, sai fili a buɗe a tsakiya. Da yawa suna ɗaukar na farko ne don kada a ce sun yi ginin da, wasu kuma na biyu don kuɗinsu bai kai ba. Duka biyun ba dalilai ba ne da suka shafi yaro. Abin da ya shafe shi tambaya ce guda, wadda ba a cika yi wa mai zane ba: daga inda uwa take tsaye tana aikin yini, tana ganin ɗanta ko ba ta gani?

Mu fara da awo, don kada magana ta zama ta baki kawai. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da mita 30, wato murabba'in mita 450 da ɗoriya. Fulat mai ɗaki uku na matsakaicin hali zai ci faɗin mita 11 zuwa 12. Idan ka cire wannan daga 15, abin da ya rage a kowane gefe bai wuce mita ɗaya da rabi ko biyu ba. Wannan ba fili ba ne, lungu ne. A nan za a ƙare da ajiye jarkoki, ragowar bulo, janareta da tsohon keke. Filin kirki yana gaba, wajen get, inda mota ke shiga da fita, baƙi ke tsayawa, mai gyaran famfo ke wucewa. Na baya kuma an ba sokawe da igiyar shanya. To ɗauki wannan fulotin dai, ka jera ɗakuna masu zurfin mita 4 a gefe ɗaya, ka bar musu mita ɗaya a baya don tagogi su sha iska, ka ɗora baranda mai mita 2 a gabansu, ka karya ginin a ƙarshen fili ya zama kamar kusurwa. Sai ka tarar da tsakar gida mai faɗin wajen mita 8, tsawonta kuwa ya ninka haka ko ya kusa. Ƙasar ɗaya ce, ɗakunan ma kusan adadinsu ɗaya. Bambancin shi ne a ɗaya an yayyanka sararin da ya rage gida huɗu, a ɗayan an tara shi wuri guda.

Yaro ɗan shekara biyu ba ya wasa a inda aka ce masa nan ne wurin wasa. Yana bin uwarsa ne, ko kuma ya bi abin da ya ja masa ido. A gida mai tsakar gida wannan bai zama matsala ba. Uwa na bakin kicin tana gyaran shinkafa, yaron na can gindin bishiya yana cika gwangwani da ƙasa yana zubarwa, ɗaga kai kawai za ta yi ta gan shi. In ya nufi soro ta kira sunansa. In ta shiga ɗaki ɗauko wani abu, ƙofar tana kallon filin nan dai. In akwai kaka a gidan, ko ƙanwar miji, ko abokiyar zama, idanu sun ƙaru ba tare da an ɗora wa kowa raino ba. A fulat kuwa, kicin yawanci yana can ƙuryar baya, tagarsa tana kallon katangar maƙwabci. Tsakaninsa da falo akwai ƙofa, tsakanin falo da ɗakin yara akwai korido, a korido akwai ƙofofin banɗaki. Uwar da ke soya miya ba ta ganin komai, sai dai kunne. Kuma duk macen da ta yi raino ta san cewa ba kukan yaro ne abin tsoro ba, shirunsa ne. Shi ya sa a irin wannan gida za ka ga ɗayan biyu: ko an goya yaron da ya isa gudu, ko an zaunar da shi gaban talabijin da waya a hannu don a samu a yi aiki.

Sai dai fulat yana da abin da tsakar gida ba ta da shi: ana iya rufe shi ruf. Matar da ke fita aiki, ko wadda ke zaune ita kaɗai da jariri a sabuwar unguwar da rabin gidajenta kangwaye ne, ƙofa ɗaya za ta kulle ta san kowa yana ciki. Ba sai ta ratsa fili da tsakar dare don ta kai yaro banɗaki ba, ba sai ta fita cikin ruwan Agusta da tukunya a hannu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu yabon ginin gargajiya, waɗanda galibinsu maza ne da ba su taɓa ɗauko tuwo daga madafi cikin iska da ruwa ba, sukan manta da shi.

Maganar ruwa ce ta fi kowace nauyi, don a nan ake rasa rai. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba jin hukumar kashe gobara tana ba da labarin yaron da aka ciro daga rijiya, sau da yawa bayan rai ya yi halinsa. Kuma akasari ba rijiyar daji ba ce, ta cikin gida ce, wadda aka rufe da guntun kwano da dutse a kai, ko aka ɗebi ruwa aka tafi amsa sallama. A nan gida mai tsakar gida ya fi fulat haɗari, babu ja. Rijiyar tana tsakiyar wurin wasan yaro. Randa tana nan, baho cike da ruwan wanki yana nan, kwatami ma yana nan kusa da rariya. Wanda zai yi irin wannan gida da ƙananan yara, kada ya tare sai an ɗaga bakin rijiya da bulo ya kai ƙugun babba, an zuba mata murfin kankare, an yi ƙaramar ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Wanda ya fi haka ma shi ne a rufe ta gaba ɗaya a sa injin jan ruwa zuwa tanki, a daina guga. Kuɗin wannan aiki bai kai na ƙofar falo mai ado ba.

Amma kada mai fulat ya ce ya tsira. Ruwansa ya shige ɗaki ne kawai. Ɗaki uku da banɗaki uku, ga na baƙi, ƙofa huɗu ke nan da ruwa ke bayansu. Tun da famfo ba kullum yake kawowa ba, kowane banɗaki akwai bokiti ko babbar roba da aka tara ruwa. Yaron da ya fara tsayuwa nauyin kansa yana rinjayar jikinsa. Ya leƙa bokiti, ya kifa ciki, ba shi da ƙarfin ɗagowa, ba zai kuma yi ƙarar da za a ji daga kicin ba. Ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ma ya isa ya halaka shi. Maganinsa mai araha ne: sakata a waje, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kan kowace ƙofar banɗaki, sannan kada a yi wa ɗakin ƙananan yara banɗaki a ciki tun farko. Na san ana ganin ɗakin da ba shi da banɗaki a matsayin ragin daraja. A bar bututun a binne a toshe, in sun girma a buɗe.

Akwai kuma lissafin da ya shafi gidajen biyu, wanda birkila ba zai tuna maka ba. Ma'aikatan lafiya suna so tsakanin rijiyar sha da ramin masai ko sokawe ya kai aƙalla mita 15, an fi son 30. Fulotin gaba ɗaya tsawonsa 30 ne. Ke nan dole rijiya ta kama ƙarshe ɗaya, sokawe ɗaya ƙarshen, kuma sai ka leƙa ka ga inda maƙwabcinka ya haƙa nasa, don ƙasa ba ta san katanga ba. Gudawar da ke kwantar da yara da damina, wani lokaci daga nan take. A fulat, da yake banɗakuna sun watsu ko'ina a jikin ginin, bututu suna zagaye gidan, ramukan duba su ma suna da yawa, kowane da murfin da kan fashe. A ɗayan tsarin za ka iya tara banɗakuna da wurin wanki a kusurwa ɗaya, can nesa da rijiya. In an zo dasa masai kuma a tuna da alƙibla, kada mai zama ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya, don gyaran wannan bayan an sa tayil ɓarnar kuɗi ce.

Zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Kano yana kai 40, a Sakkwato da Maiduguri ya wuce. Fulat gini ne mai kauri: ɗaki a bayan ɗaki, korido a tsakiya, ɗakuna da yawa tagarsu a bango ɗaya kawai take, kuma katanga na tsaye mita ɗaya da rabi daga tagar. Iska ba ta da hanyar shiga balle ta fita. An zana shi ne da zaton akwai wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da aka ɗauke wuta, bulon siminti da kwano sun sha rana tun safe, da dare sai su riƙa sakin zafin cikin ɗaki, wurin ya koma kamar tanda. Babba zai jure, jariri kuwa ƙuraje ne da kuka har asuba. Lokacin nan ne kuma na sanƙarau, wanda ya fi samun hanya inda mutane suka cunkushe a ɗakin da ba iska. Mai tsakar gida tabarma zai fitar, a ɗaura gidan sauro a baranda, yara su yi barcinsu. Ɗakunansa ma, da yake jeri ɗaya ne, kowane yana iya samun taga gaba da baya, iska ta ratsa.

Iyayenmu da suka yi gini da tubali da azara sun san wannan. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama da tsakar rana ya ji yadda katangar ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi. Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne, don yaɓe duk shekara kafin damina ba kowa zai iya ba, magina na ƙwarai ma sun yi ƙaranci. Amma dabarunsu suna aiki da bulo. A ɗaga silin ya kai mita 3 ko fiye. A rage tagogi a bangon yamma, inda ranar la'asar ke duka. A tuna hadari daga gabas yake tasowa a ƙasar nan, don haka barandar da ke kallon gabas sai an zurfafa rufinta, in ba haka ba ruwa har bakin gado. A dasa bishiya tun ranar da aka fara fandisho. Darbejiya tana da inuwa, amma saiwarta na tsaga gini da sokawe in an matso da ita, don haka a ƙaramin fili gwaiba ko lemun tsami ko mangwaro mai aure sun fi. Da hunturu kuwa lissafin juyawa yake yi. A Disamba da Janairu tsakar gida sanyi ce da ƙura, yaro mai asma ko yawan mura yana shan wuya, wankan safe a banɗakin waje kuma yaƙi ne. Wata biyu zuwa uku fulat ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Sai mutum ya auna da kansa: a garinsu watannin zafi sun fi yawa ko na sanyi? Mai gini a Jos ba zai ba da amsa irin ta mai gini a Gusau ba.

A maganar sauro kuma fulat ne ke da rinjaye. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar ne ya fi kashewa, shi ya sa duk damina ake bi gida-gida a jihohin Arewa ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata. Sauron da ke kawo shi da dare yake cizo. Gidan da ke da rufi ɗaya, da raga a kowace taga, da ƙofar raga a gaba da baya, in an rufe da magariba an gama. A tsakar gida kuwa hira ake yi a waje har bayan isha'i, yara na kwance a tabarma ƙafafu a buɗe, kowane ɗaki ƙofarsa waje take kallo, ana shiga ana fita. Abin da ke rage wannan shi ne a rufe baranda da raga daga sama har ƙasa, ta zama ita ce hanyar da ta haɗa ɗakunan. Da wannan gyara ɗaya an samu wurin kwanan zafi, an samu hanyar zuwa banɗaki da dare ba tare da an taka fili ba, an kuma samu inda mai rarrafe zai yini. In da za a ce in zaɓi abu guda da zan kashe wa kuɗi a gidan yara, wannan barandar ce.

Wuta iri biyu ce a gida, ta girki da ta lantarki. Murhu ko kurfoti a tsakar gida a ƙasa yake, daidai tsayin mai tatata. Ruwan zafi, man suya, garwashin da aka kwashe aka ajiye gefe, tokar da ake zaton ta huce: ƙunar yara da yawa daga nan ne. Kicin ɗin fulat yana da kanta, tukunya tana sama, ana iya jan ƙofa. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma shi kuma ya shigo da tukunyar gas cikin ginin da ake kwana, a ƙarƙashin silin ɗaya, kuma in silin ɗin na roba ne, da wuta ta kama narkewa yake yana zubowa. Ga ƙarfe an walde a kowace taga saboda ɓarayi. Gobarar dare a irin wannan gida, in ta tashi tsakanin ɗakuna da falo, ba ta bar wa kowa hanya ba. Wanda ya zaɓi fulat ya sa a gina wa tukunyar gas ɗan keji a waje, a ratso da bututu ta bango, ya yi ƙofar fita biyu, sannan ko taga ɗaya ce a ɓangaren ɗakunan kwana a yi mata ƙarfe mai buɗewa, makullin yana rataye kusa. Wanda ya zaɓi tsakar gida ya gina kicin sosai, da kanta da rabin ƙofa, wadda uwa ke hango waje ta samanta amma yaro ba ya shigowa. Janareta kuwa, a kowane irin gida, nesa da taga. Hayaƙinsa ba ya wari yadda mutum zai farka, kuma lungun fulat, wanda tagogin ɗakin kwana ke buɗewa a kansa, shi ne wuri mafi muni da za a ajiye shi, shi ne kuma inda aka fi ajiyewa. Soket a sayi mai marfi a cikin ramukansa, a ce wa mai wayarin ya sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta ja mutum.

Daɓe ba ya bukatar dogon bayani. Tayil mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kai ƙeyar yaro ƙasa. A sa mai kaushi, musamman a baranda da banɗaki. A tsakar gida kada a shafe ko'ina da siminti, don yana ɗaukar zafin da ƙafar yaro ba za ta taku ba da azahar. A bar wani yanki da yashi mai tsabta a ƙarƙashin inuwa, a gyara gangara ruwa ya bi rariya kada ya kwanta. Sai dai a san cewa ƙasar da yaro ke wasa a kai tana zuwa bakinsa. In za a yi kiwon kaji ko tumakin layya, a keɓe musu wuri da shinge. Sana'ar da ake shigowa da ita gida ma abin dubawa ce. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ya faru ne saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe. Ba kowa ke haƙar zinariya ba, amma mai tara tsofaffin batura, da mai ajiye maganin feshi na gona, da mai sayar da fetur a galan, duk suna bukatar sito mai kwaɗo wanda ba ya buɗewa cikin tsakar gida.

Yaran nan kuma ba za su dawwama ƙanana ba. Hadisi ya ce a raba musu wurin kwana in sun kai shekara goma, aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta koya musu neman izini kafin shiga wa iyaye a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. Ke nan gidan da ke da 'ya'ya maza da mata zai bukaci ɗaki biyu na yara nan da 'yan shekaru, ban da na iyaye. Fulat mai ɗaki uku ya cika ke nan, babu na baƙo, babu na kaka in ta zo jinya ko wankan jego. Ƙara ɗaki a jikin fulat aiki ne: a fasa rufi, a toshe tagar wani ɗakin. A ɗaya tsarin kuwa ci gaba da jeri kawai za a yi, in samari sun tasa a yi musu ɗaki kusa da soro. Amma a shekarun farko fulat ya fi sauƙin dare. Ɗan shekara huɗu da ya farka cikin firgita taku biyar zai yi ya isa ƙofar uwarsa. A tsakar gida ba za a iya barinsa shi kaɗai a ɗakin da ke buɗewa waje ba, sai dai a yi ƙofa ta ciki tsakanin ɗakin uwa da na yara, abin da ya kamata a sa a zane tun farko.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce wannan ya fi wancan araha kai tsaye ba. Ɗakuna a jere suna cin bangon waje da yawa, baranda ma rufi ce da ginshiƙai. Bambancin yana wajen yadda ake kashe kuɗin. Fulat sai an kai shi linta gaba ɗaya, an rufe shi gaba ɗaya, kafin a kwana a ciki. Wanda ya fara nasa kafin farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ya san yadda gini ke tsayawa cak yana kallonsa yana biyan haya. Kangwayen da suka cika bayan gari shaida ne. Mai tsakar gida zai iya yin katanga, soro, ciki da falo, kicin da banɗaki, ya tare, sauran ya bi a hankali. Sai dai zama da yara a gidan da ake gini yana da nasa sharaɗi: rodi a tsaye, ramin da aka haƙa, duro cike da ruwan kwaɓa siminti. Duk ranar da leburori suka tashi, sai an bi an rufe.

Mota ma a ɗan taɓa maganarta. A fulat, filin wasan yara shi ne hanyar mota, kuma direban da ke ja da baya ba ya ganin ɗan shekara biyu a madubi. Ko wane gini aka yi, a raba wurin mota da wurin yara da ƙaramar katanga ko shingen ƙarfe mai ƙofa. Bene kuwa, ga mai fuloti cikakke da ƙananan yara, ban ga dalilinsa ba. In ƙanƙantar fili ta tilasta, to tazarar sandunan ƙarfen matakala da na baranda kada ta wuce santimita 10, tsayinsu ya kai mita ɗaya ko fiye, kuma a yi su a tsaye, don na kwance tsani ne ga yaro.

To wanne za a ɗauka? In filin ya kai ƙafa 50 da 100, uwa tana yini a gida ko akwai wani babba da ke yini, garin kuma mai zafi ne, ni tsakar gida zan ce, amma ba irin ta da ba. Ɗakunan kwana da falo da banɗaki ɗaya su haɗu ta baranda mai raga, kicin ya kasance a kusurwar da tagarsa da ƙofarsa ke kallon fili da bakin soro lokaci guda, rijiya a kulle, mota a waje da shinge. In kuwa filin rabin fuloti ne, ko mata da miji duk suna fita aiki, ko unguwar ba ta cika ba har ana tsoron dare, fulat ya fi. Sai dai kada a dasa shi a tsakiya. A matsar da shi gefe ɗaya gwargwadon yadda doka ta yarda, a tara sararin da ya rage a baya ko a gefe, a juyo da tagar kicin da ƙofar baya su kalle shi, a rage banɗakuna.

Dokar nan kuwa a tambaye ta kafin a biya kuɗin zane. Hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, tana da tazarar da take so a bari tsakanin gini da titi da kuma iyakar maƙwabci, kuma a wasu filayen da gwamnati ta yanka ba za a amince a jingina ɗaki da katanga ba. Ranar da za a je wurin mai zane kuma a tafi da uwargida. A shimfiɗa takardar, ta ɗora yatsa a inda za ta tsaya girki, da inda za ta yi wanki, da inda za ta yi salla, a ja layi daga kowane zuwa inda yara za su zauna. Duk layin da ya ci karo da bango, a nan za a buɗe taga ko a matsar da ƙofa, tun abin yana kan takarda.